Ofishin Gilashi na Mista Orr

Hector Mawhinney ya yi furfura yana shugaban ma'aikata a wata masaƙar lilin da ke garin Lisburn, a Ireland ta Arewa. Burinsa ɗaya ne, ya hau bene ya zama mataimakin manaja, mai amsa wasiƙun 'yan kasuwar Landan da Amurka. Ran Juma'a mai masaƙar, tsoho Mista Orr, ya kira shi ofishinsa na gilashi da ke kallon ɗakin saƙa.

"Kujerar taka ce, Hector. Amma mai riƙe wasiƙuna sai mai riƙe bakinsa. In wani ya ji kafin Litinin, ka koma wa injunanka."

"Ko matata ba za ta ji ba, ranka ya daɗe."

Ya sauko fuska a ɗaure. Ƙafarsa na taɓa ƙasa matan da ke saƙa suka kashe injuna, suka ɗauki tafi da shewa.

"Ga manaja!" in ji Aggie Tohill, yayar matarsa. "A nemo kwala mai sitaci da za ta zagaye wuyan bijimin nan!"

Hector ya ɗaga kai ya dubi gilashin ofishin. Sai yanzu ya tuna. Ƙarar injuna ba ta barin kowa ya ji kowa a ɗakin nan, da motsin leɓe ake hira daga bango zuwa bango. Shi kansa da haka ya nemi auren matarsa. Ga shi ya je ya tsaya fuska ga gilashi.

"Aggie, kin kashe ni!"

"Wai ko matarka ba za ta ji ba? Zo ka hana ni gaya wa ƙanwata, mu gani."

Mista Orr ya leƙo. "Mawhinney! Hawo."

Ya hau da ƙyar. "Na rantse ban buɗe baki ba."

"Ai ina kallonka. To ta ina suka ji?"

Hector ya gaya masa.

"Tun yaushe?"

"Tun zamanin babanka."

Kunnuwan tsoho suka yi ja. "Har abin da nake faɗa a kan surukata?"

"Sun ce ka ƙara haƙuri da ita."

Mista Orr ya yi dariya har da tari, ya turo masa kujera. "Zauna. Wasiƙarka ta farko, rubuta a aiko mana da labule."

"Ranka ya daɗe, a masaƙa fa muke."

Kafin a tashi aiki Aggie ta hawo da yadin labulen da kanta, tana mita wai an rufe mata gidan kallo.