Doka ta Shida a Takardar Dakta Hawwa'u

Ranar farko da Dakta Hawwa'u ta shigo mana aji, ko alif ba ta rubuta a allo ba. Takarda ta raba mana, kwafi biyu, ta ce kowa ya karanta, ya sa hannu, ya maido mata ɗaya ya riƙe ɗaya. Kwas ɗin shi ne difarenshiyal ikweshan, lissafin yadda abu ke sauyawa da tafiyar lokaci, wanda 'yan aji uku suke tsorata mu da shi tun muna aji ɗaya. Mun shigo da tsoron lissafi, sai ga shi takardar ta fi shi tayar da hankali.

Wanda bai halarci kashi saba'in da biyar na lakca ba, babu shi babu jarrabawa. Ba a sake wa kowa tes sai da takardar asibiti. Amsa tsurarta, ba a nuna hanyar da aka bi aka same ta ba, sifiri. Aikin gida ranar Litinin ƙarfe takwas, in ka zo takwas da minti ɗaya ka koma da abinka. Sai doka ta shida, wadda ta karanta mana da bakinta har sau biyu: ana iya tattauna aikin gida da baki, amma kada kowa ya miƙa wa wani takardarsa. In aka samu aiki biyu iri ɗaya, da mai bayarwa da mai karɓa duk sifiri, sunayensu kuma su tafi gaban kwamitin ladabtarwa, wanda ƙaramin hukuncinsa shi ne dakatarwa na zango guda.

Na sa hannu har ina yatsina fuska. Ni Mardiya, da ake biyo ni ɗaki ana roƙon in yi bayani, me ya haɗa ni da dokar ɓarayin amsa?

A ajin nan akwai Yaya Sa'idu, ɗan kawuna. Ni 'yar cikin garin Kurfi ce, gidan masu sayar da hatsi, shi kuwa a Rawayau ya tashi, a makarantar allon mahaifinsa. Ya girme ni da shekara biyar. Yana da shekara goma sha biyar ya haddace Alƙur'ani, kafin ya kai ashirin ya rubuta shi da ka, shi ya sa ya makara shiga boko. A danginmu in aka yi gardama kan wani zance, cewa ake a tambayi Sa'idu, don ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. A aji ba ya tambaya, ba ya amsawa, kuma bai taɓa faɗuwa ko kwas ɗaya ba. Ni dai na ɗauka irin masu ilimin nan ne da ba sa son nuna kai.

A mako na biyar aka ba mu aikin gida na biyu, tambaya huɗu. Babbar cikinsu ita ce ta tanki: ruwan gishiri yana shiga, wani yana fita, a nemo yawan gishirin da zai rage bayan minti kaza. Kwana uku na yi ina kokawa da tankin nan kafin ya sallama.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka shiga mota ɗaya daga Dutsin-Ma, inda jami'armu take, zuwa Kurfi, za mu gaida Inna, kakarmu. Muna fita gari ya ce in nuna masa yadda na tunkari aikin. Ba zan ce na manta da doka ta shida ba, na tuna da ita sarai. Amma yaya zan kalli yayana in ce masa a'a saboda wata takarda? Kuma me mutum zai ɗauka a mota tana tsalle da shi, babu biro a hannunsa? Na zaro na miƙa masa. Ya bi shafi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi, yana ɗan rausaya gaba da baya. Kafin mu shiga Kurfi ya maido mini, ya yi godiya.

Ranar Laraba aka ce Dakta tana neman mu a ofis, ni da shi.

Ba ta ce mu zauna ba. Ta jera takardu biyu a kan tebur, ta ce in duba. Na duba tawa, na duba tasa. Ba kama suka yi ba, abu ɗaya ne. Inda na sauka layi ya sauka. Inda na zana ɗan akwati na kewaye amsa ya zana. A tambaya ta uku na jefar da alamar ragewa, amsar ta fito a karkace, shi ma ya jefar da ita a daidai wurin. Abin da ya ƙarasa kashe ni yana shafi na biyu: akwai layin da na rubuta na ga ba daidai ba ne, na soke shi da zane biyu. Yaya Sa'idu ya rubuta layin nan da kyakkyawan rubutunsa, sannan ya soke shi da zane biyu.

Raina ya ɓaci har na manta a gaban wa nake. Na juya na ce masa ashe hoto ya ɗauka da waya ban gani ba? Ya kalle ni da mamaki na gaske, kamar ni ce na yi abin kunya. Ya ce shi bai ɗauki hoto ba, bai kuma kwafa ba. Ranar Lahadi ya zauna a zauren gidansu a Rawayau, babu takardar kowa a gabansa, ya rubuta abin da ke kansa.

Dakta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta ce shekararta goma sha ɗaya tana koyarwa, ta ji ƙarya iri-iri, amma wannan sabuwa ce. Shi kuwa bai yi musu ba. Ya roƙe ta ta riƙe takardata, ya juya mata baya, ya harɗe hannu, ya fara.

Ya karanto shafi huɗun nan tun daga sunan kwas har ɗigon ƙarshe, da irin muryar da yake tilawa da ita, a hankali, ba gaggawa. Duk baka biyu da ya buɗe a lissafin sai ya rufe su. Da ya iso layin da na soke, ya karanta shi, ya ce “an soke”, ya wuce. Ina kallon yatsan Dakta yana bin layi, har ya tsaya cak, ta bar bin takardar ta koma kallon ƙeyarsa baki buɗe. Ni ma bakin nawa a buɗe yake.

Da ya gama, ya juyo, ta ajiye takardar. Sannan ta tambaye shi, tunda ya ga an soke layin, me ya sa ya rubuta shi?

“Dakta, ai ba a ɗaukar karatu a wurin mutum a rage mashi harafi,” in ji shi. “Yadda aka same shi haka nan aka maido shi.”

Ta tambaye shi harafin da muka sa a lissafin tankin, me yake wakilta, ruwan ne ko gishirin? Ta kuma ce in aka ninka ruwan da ke shiga, gishirin zai ƙaru ne ko zai ragu? Ya sunkuyar da kai, ya ce wannan babu shi a takardar. Da ta matsa, ya faɗa mata gaskiya kamar yadda ya saba: tun aji ɗaya haka yake yi. Yana haddace duk misalin da aka yi a allo da duk tambayoyin shekarun baya, in sun fito ya zuba su. Bai taɓa ɗaukar hakan laifi ba, don a wurinsu abin da ya zauna a ƙirjinka ya zama naka. Na tausaya masa, na kuma ji kunya, shekara biyu muna karatu tare ban gane ba.

Dakta ta cire tabarau ta murza idanu. Ta ce ta yarda bai ajiye takarda a gabansa ba, kuma ba ta taɓa ganin kai irin nasa ba. Amma aikin ba nasa ba ne, sunansa zai tafi kwamiti. Saura ni. Ta ce dokar a fili take, wanda ya miƙa takardarsa da hannunsa hukuncinsu ɗaya, sai fa in ɗauka aka yi bai sani ba.

Zango guda a gida. Na hango kaina a Kurfi, ana tambayar Baba a kasuwa me ya dawo da Mardiya ana tsakiyar karatu. Kafin in buɗe baki, sai Yaya Sa'idu ya riga ni.

“Ba ita ta ba ni ba, Dakta. Barci ya ɗauke ta cikin mota, ni na zaro daga jakarta. Ba ta sani ba.”

Ya faɗe shi sumul, ko ƙifta ido bai yi ba. Duk abin da na gani a ofishin nan bai girgiza ni kamar wannan ba. Mutumin da ya ƙi rage layin da aka soke don kada ya canza abin da ya samu, shi ne ya ƙaga barcin da ban yi ba, ya kuma ɗora wa kansa sata a kan laifin da ke kansa.

Dakta ta juyo gare ni. Na san ba ta yarda ba, fuskarta ta nuna. Ta ja takardar kwamiti gabanta, ta rubuta sunansa, ta ɗora bakin biro a layi na biyu.

“Mardiya, haka aka yi?”

Yaya Sa'idu yana kallon ƙasa. Na ji muryata ta fito, ƙarama, kamar ta wata.

“Haka aka yi, Dakta.”

Ta ƙara kallona na ɗan lokaci, sannan ta rufe biron. Ta ɗauki takardata ta rubuta takwas bisa goma, ta miƙo mini, ta ce in kula da alamar ragewa. Na sa hannu biyu na karɓa.