Hular Matan Holan

Ikilima 'yar Hausawan Sudan ce, a Jidda aka haife ta, ɗinkin hannu ne sana'arta. Ran Talata direban Madam Arwa ya ɗauko ta zuwa unguwar Abhur, wai akwai gyara.

Arwa Balarabiya ce mai sha'awar tara kayan mutanen da. Ta buɗe akwatin gilashi ta ciro wata hula da ta dafe don tsufa, mai kunnuwa biyu, an yi mata surfanin furanni.

"Irinta matan ƙauyukan Holan ke sawa shekara ɗari uku da suka wuce," in ji ta. "Bakin ya warware. Ki bi a hankali."

Ikilima ta juya cikin hular ta duba. Ƙullin zaren nata ne, sau biyu sannan a ɓoye shi ƙarƙashin ganye, yadda kakarta ta koya mata. Ta sansana, ta ji ƙanshin shayi.

Bara wani mutum mai suna Badr ya same ta a gida a unguwar Khumra da hotuna a waya. Ya ce hula shida yake so, na wasan kwaikwayon 'yan makaranta. Farare tas ta miƙa masa su.

"Madam, wa ya sayar miki?"

"Me ya kawo tambayar?"

Ikilima ta tuna iƙamarta, takardar izinin zama, da ke jiran sabuntawa. Ta so ta ɗinke bakin ta tafi abinta, amma ta kasa.

"Ni na ɗinka ta. Ba ta kai shekara ba. A shayi aka jiƙa ta."

Arwa ta karɓe hular. "Kin san Badr ke nan. Tare kuke?"

"Da tare muke, da na yi shiru."

"Ko kuwa kun ɓata ne."

Arwa ta kira lambarsa, a kashe. Ta kawo ƙyalle da allura ta ce Ikilima ta yi fure ɗaya a gabanta. Da ta gama, Arwa ta jera shi da na hular a bakin taga, ta duba gaba ta duba baya.

"Halas, shi ke nan, hannu ɗaya ne. Yalla, tashi, direba zai mayar da ke."

Ba a sake jin ɗuriyar Badr ba. Arwa ba ta kai ƙara ba, kuma har yanzu tana kiran Ikilima aiki. Sai dai ko maɓalli za a sa, jawo kujera take yi ta zauna kusa da ita har a gama.