Ƙwarewar Mu'azu Lasifika

Tun da sojoji suka ce za su koma bariki, bakin Mu'azu bai sake hutawa ba. Da can mai gyaran rediyo ne a wani ɗan shago a bakin titin Gyadi-Gyadi, shekara da shekaru yana gyara muryar wasu, tasa tana ajiye. Da aka kaɗa gangar siyasa sai 'yan jam'iyya suka gano Allah ya hore masa maƙogwaro, suka ɗaura lasifika a kan wata tsohuwar bas suka ce ya riƙa zagayawa. In ya ce "Jama'a!" a Tarauni, har awakin Darmanawa sai sun ɗaga kai. Kafin a gama zaɓe sunan ya bi shi, yaro da babba Mu'azu Lasifika suke cewa.

Ban da matarsa Husaina. Ita tun ranar da aka kawo ta gidan, Malam take ce masa, a gabansa da bayan idonsa. Ko wani Mu'azun ne ya zo wucewa a zance, sai ta ce mai sunan Malam.

Ita ta fara lura da tarin. Wata safiya ana tsakiyar kamfen ya tashi bakinsa ya ɗan karkace, hannun hagu ya yi masa nauyi. Ya ce iskar mota ce ta buge shi, ya shafa man zafi ya fice. Bakin ya koma daidai, ko a ce kusan daidai. Amma daga nan duk lokacin da ya ci abinci ya kora da ruwa sai ya ƙware. Ba irin ƙwarewar da kowa ke yi a ce sannu ta wuce ba. Tari ne mai firfito da ido, har da hawaye, wani lokaci ruwan ya biyo ta hanci. In ya lafa kuma sai muryar ta jiƙe, kamar mai magana ta cikin buta.

"Sannu, Malam. Ƙara ruwa," take cewa tana miƙa masa kofi, don abin da ta tashi ta ga ana yi ke nan.

Shi kuwa sai ya share hawaye yana murmushi. "Maganata ake yi. Ai kin san in mutum ya ƙware ambatonsa ake a wani wuri. To yanzu wane lungu ne a Kano ba a ambaton Lasifika? Masoya na yi, magauta na yi."

Abin haushin, daɗi yake ji. Kowane tari a wurinsa shaida ce ta cewa ya zama wani.

Wata rana da azahar maƙwabciyarsu Mairo ta shigo kawo mata acca. Ita da mijinta Yohanna, malamin firamare, mutanen Filato ne, sun daɗe suna haya a gidan da ke jikin nasu, har an zama kamar 'yan uwa. Tana tsaye a tsakar gida tarin ya tashi daga ɗakin Malam. Ta tsaya cak da kwano a hannu, ta saurara har ya lafa, sannan ta ja Husaina zuwa madafi.

"Yaya Husaina, tun yaushe yake wannan?"

"Ya kwana biyu. Wai ambatonsa ake."

Mairo ba ta yi dariya ba. "Na san tarin nan. Shi ya ɗauke babana. Hawan jini ne ya taɓa shi kaɗan, ba mu ma sani ba, ashe ya kashe masa wani abu a wuya. Likita ya ce hanya biyu ce a maƙogwaro, ta abinci da ta numfashi, da ɗan murfi da ke rufe ta numfashin in za a haɗiye. In murfin ya yi sanyi, ruwa ya fi shi sauri, sai ya zarce huhu. Mu kuma muna ta sannu Baba, sha ruwa Baba. Da hannunmu muka riƙa zuba masa. Kafin mu kai shi asibiti ƙirjin ya gama kamuwa." Ta goge ido da bakin zane. "Abu mai kauri bai cika ɓata hanya ba, haka suka ce mana, amma lokacin ya wuce. Ki kai shi a duba shi, don Allah."

Husaina ta tuna kofunan da ta miƙa da nata hannun. Tsoro ya kama ta sosai, amma ba irin tsoron da ke zaunar da mutum ba.

Da magariba ta kai masa tuwo miyar kuka, ta ajiye kwanon kunun gyaɗa mai kauri a gefe, ta koma ta zauna. Ya wanke hannu, ya duba dama ya duba hagu.

"Yau kuma fari aka yi a gidan nan? Ina ruwa?"

"Ka kora da kunun, Malam."

"A gidan wa kika taɓa ganin an ajiye wa mutum abinci babu ruwa? Ko baƙon da ba a so ai ana ba shi ruwa."

Yunwa ta fi ƙarfin fushinsa, ya ci, ya kora da kunun yana ƙunƙuni. Ya gama tsaf ko gyaran murya bai yi ba. Sai a nan ta faɗa masa abin da Mairo ta ce, ta roƙe shi su je asibiti.

Maimakon ya amsa, sai ya miƙe ya nufi randa, ya ɗebo ruwa cike da moɗa ya kafa kai, wai ya nuna mata. Bai kai rabi ba ya durƙushe, yana tari yana dafe da bango, moɗar ta gangara. Da ya samu numfashi, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Kin gani ko? Ke da Mairo kun wuni kuna maganata."

Daga baya ne ya fito mata da ainihin abin da ke ransa. An yi masa alkawarin aikin shela a ƙaramar hukuma da zarar an rantsar da farar hula. In aka ji Lasifika yana asibiti da ciwon maƙogwaro, kafin ya dawo an miƙa wa wani. Ya gaji da warin dalma da ƙona yatsu a shago, ga shi Allah ya kawo lokacinsa, ba zai bari tari ya ƙwace masa ba. Ta ji tausayinsa har cikin ranta, amma tausayin bai sa ta mayar da ruwa gefen tuwo ba.

Sai ya ƙaurace wa abincin gida ya koma cin na majalisa, inda maza ke zagaye kwano ɗaya, ana loma ana gardamar wa zai samu kwamishina. Can kuwa in ya ƙware, hannu goma ke miƙo masa ruwa, wani ya ƙara da dukan baya, a yi shewa a ce magauta sun tashi. Ya fara ramewa, babbar riga ta koma rataye a kafaɗarsa. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, numfashinsa yana ƙara kamar ana jan tabarma.

Husaina ba ta zauna ba. Ta shiga mota har Hotoro wurin yayansa Lawan ta kai ƙara. Lawan ya zo, Mu'azu ya tare shi da barkwanci da labarin zaɓe har ya manta abin da ya kawo shi. Da zai tafi ya ce mata, "Ki kwantar da hankalinki. Mata da tsoro! Wanda ke ihu safe da yamma ai dole ya yi tari." Ta raka shi ƙofa cikin ladabi, ta dawo tana cizon leɓe.

Ranar miƙa mulki ta kama Asabar. Tun da sassafe Audu direba ya kawo bas ƙofar gida, an lulluɓe ta da tutoci, matasa sun taru suna jiran Lasifika ya fito a zagaya gari. Lawan ma ya zo kallo. A cikin gida kuwa Mu'azu ya kurɓi shayi ya ƙware, wannan karon tarin ya ƙi sakinsa. Jikinsa zafi rau, leɓensa ya yi duhu, ya yunƙura zai tashi ƙafa ta ƙi. Duk da haka hularsa yake lalube.

"Malam, asibiti," in ji Husaina.

"In an gama taro."

"Ba za ka ga ƙarshen taron ba. Ko ka bari a kai ka, ko in tara maka jama'a."

Ya ga ta janyo mayafi, ya gane ba wasa take ba. Ya tattaro ragowar muryarsa. "Husaina, in kika taka ƙofar zauren nan kika tona min asiri, a bakin aurenki."

Ta tsaya. Maganar ta doke ta, don a zamansu duka bai taɓa kawo ta ko da wasa ba. Ta dube shi, ta dubi hular da ke hannunsa.

"Gara idda da takaba, Malam," ta ce, ta fita.

Ta san in ta kira mutum ɗaya, shiga zai yi Malam ya lallaɓa shi da baki kamar yadda ya yi wa Lawan. Don haka ba ta tsaya wurin kowa ba, ta ratsa matasan kanta a ƙasa ta hau bas. Audu ya ce, "Hajiya, lafiya?" Ita kuwa ta sha ganin yadda ake kunna abin in ana gwaji a tsakar gida. Ta murɗa, lasifikar ta yi wata ƙara mai kashe kunne, unguwa ta yi tsit.

"Salamu alaikum, jama'ar Gyadi-Gyadi." Ta ji muryarta ta dawo mata daga bangon gidaje. "Malam ba shi da lafiya."

Mutane suka dubi juna. Wane Malam? A layin nan kaɗai malamai sun fi a ƙirga. Ta ga ba makawa. Ta runtse ido, kunya kamar ta nutse, ta faɗi abin da harshenta bai taɓa ɗauka ba.

"Mu'azu. Mijina Mu'azu. Ba ambatonsa ake ba, ciwo ne a maƙogwaronsa, ruwa na shiga masa huhu. Yana ciki ba ya iya tashi, kuma ya ƙi asibiti. Duk wanda ya taɓa miƙa masa ruwa ya ce sannu, ya zo ya kama shi mu tafi. Na haɗa ku da Allah."

Lawan ne ya fara rugawa ciki, Yohanna na biye da shi, sai sauran. Suka tarar da shi ya zame daga jikin bango, babu bakin barkwanci yau. Aka ciccibo shi aka sa a bas, Mairo ta shigo ta riƙe hannun Husaina. Haka motar ta ratsa Tarauni da tutocinta, yara na binta da ihu suna zaton zagayen ne aka fara.

Likitar da ta duba shi ta yi tambayoyi da yawa. Yana fama da ƙwannafi? Yana cin abinci da gaggawa, ko yana magana da loma a baki? Yana kwanciya da zarar ya ci? Ta ce duk waɗannan kan sa mutum tari bayan cin abinci. Da Husaina ta ambaci safiyar da bakin ya karkace, sai likitar ta ɗago ta dube ta, ta sa aka auna jininsa. Ya hau sosai. Ta ce ƙaramar shanyewa ce ta raunana masa haɗiya, abin da ke zarcewa huhu kuma ya haifar da ciwon ƙirji mai tsanani. Aka ba shi gado, aka ɗaura masa ruwa ta jijiya. A lokacin da gari ke ta murna soja ya sauka, Husaina na zaune a benci tana sauraron numfashin mutumin da ya sake ta da safe.

Ya farfaɗo a hankali. Da aka ce ya fara cin abinci, aka koya mata yadda za a yi: a zaune sosai, abu mai kauri, loma ƙarama, ya sunkuyar da haɓa in zai haɗiye, kuma ban da magana. Wannan na ƙarshen bai ba shi wahala ba, don tun da ya buɗe ido bai ce mata uffan ba. Ya ji labarin an ba wani yaro ɗan Unguwar Gano lasifika, da aikin shelar duka. In ta miƙo cokali sai ya buɗe baki yana kallon bango. Abin yana ci mata rai, takan fita bayan ɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska. Amma kullum tana nan da kwanonta a kan lokaci.

Wata la'asar Lawan ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado yana ta kame-kame, don har yanzu kunyar Husaina yake ji. Ta ɗebo faten acca da Mairo ta aiko, ta sa wa Mu'azu a baki. Ya daɗe yana kallon hannunta, yadda ya rame shi ma. Sai ya juya wurin yayansa da abincin a bakinsa.

"Yaya, ka zama shaida. Na mayar da..."

Maƙogwaronsa ya fara ƙara, kafaɗunsa suka ɗaga.

"Haɗiye tukuna," in ji Husaina. Ta sa tafin hannu a ƙeyarsa ta sunkuyar da kan. "Auren ba guduwa zai yi ba."

Ya yi yadda ta ce. Ta zuba wa wuyansa ido har ta ga lomar ta wuce lafiya, ta jira ya ja numfashi, sannan ta sake cika cokalin.