Allurar Baba da Dunduniyata

A gidanmu na koyi sanɗa kafin in koyi karatu. A saman bene muke zaune, daɓen falon na katako ne, kuma a falon Baba ya girke kayan sautinsa: injin juya faifan garmaho, amfilifaya, da lasifikoki biyu da suka fi ni tsawo har na gama firamare. In ka taka katakon nan da ƙarfi sai ya yi lilo, allura ta yi tsalle a kan faifai, mawaƙi ya haɗiye rabin baiti. Baba ba ya faɗa. Juyowa kawai yake yi ya dube ka ta saman tabarau, ka gwammace duka.

Ɗakina kuwa sai an ratsa falo. Na yi sakandare a kan yatsun ƙafa, na yi jami'a, na zama lauya, ban taɓa sauke dunduniyata a falon nan ba muddin faifai na juyawa. Ni da nake tsayawa gaban alƙali in yi magana ba gargada, ina shigowa gida sai in bi gefen bango kamar wadda ta saci kaza. Na jure, amma ban yafe wa allurar nan ba.

Da Baba ya yi ritaya ya ce zai sauya inji, ya sayi na ƙarshe a rayuwarsa. Ranar Asabar da hantsi mai shagon da ya saba saye a wurinsa ya kawo guda biyu gwaji. Na farko siriri ne, na gilashi, hannun allurarsa kamar tsinke, yana ta ƙyalli. Na biyu baƙi ne, kakkaura, mummuna, sai da mai shago ya yi nishi kafin ya ɗora shi a tebur. Ya ce a kan sifirin yake zaune, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa, girgiza ba ta kai wa ga allura. Baba bai ma saurare shi ba, yana can yana shafa na gilashin. Ni na ji, na kuma gane cewa in siririn nan ya zauna, sanɗa zan yi har in bar gidan.

Na ce, "Baba, kunne ne zai zaɓa ko ido?"

"Lauya, kin fara ko?"

"Tambaya kawai na yi. Na ga tun ɗazu kallo kake yi. Ko kunnen ma ya yi ritaya?"

Umma, da ke zaune a ƙarshen kujera ta naɗe ƙafa, ta ce, "Ke dai bakinki zai ja miki."

Baba ya cire tabarau. "Kunnen nan ya san lokacin da makaɗi ya ja numfashi. Ku rufe min ido."

Da ɗankwalin Umma na ɗaure masa fuska, na ƙulle tamau. Mai shago ya jona na gilashin, ya sa faifan da Baba ya fi so. Gaskiya sautin ya yi daɗi, har Baba ya fara kaɗa kai. Na miƙe, na zo tsakiyar falo, na sauke dunduniyata sau ɗaya. Allura ta yi tsalle.

"Wa ya motsa?"

Na ce, "Mai shago bai motsa ba, Umma ma tana zaune."

Ban yi ƙarya ba. Mai shago ya buɗe baki, ya tuna baƙin ya fi tsada, ya rufe. Na ƙara takawa, mawaƙi ya sake tuntuɓe a kan baiti.

Baba ya ce, "Sa ɗayan."

Aka jona baƙin. Na taka, waƙa ta ci gaba. Na taka da ƙarfi, ko gezau. Na ratsa falon daga ƙofa zuwa taga da cikakkiyar ƙafa, na dawo, ina jin katako a ƙarƙashin dunduniyata kamar na shiga sabon gida. Ina juyowa sai na ga Umma ta miƙe. Ita da ta riga ni fara sanɗa tun ba a haife ni ba, ta gyara zani, ta soma rausaya a hankali, sannan ta saki jiki. Mai shago ya kawar da kai yana duba waya. Allura na tafiyarta.

Da waƙa ta ƙare Umma ta koma kujera da sauri, ta naɗe ƙafa kamar ba ita ba.

Baba ya ce, "Na biyun nake so." Ya kwance ɗankwalin, ya mayar da tabarau, ya dube ni ta samansa. "Lauya, katakon da ke ƙarƙashin injin nan shi ne a ƙarƙashin kujerata."

Na sunkuyar da kai. Ban saba ba.

"Takun farko naki ne, na san shi, kamar ana sauke buhu. Na biyun kuwa, wanda ya bi kiɗa daidai," ya miƙa wa Umma ɗankwalinta, "rabona da jin sa tun kafin mu tare a benen nan."

Umma ta karɓa tana hararar sa. "To wa ya hana?"

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya ce wa mai shago ya mayar da na gilashin kwalinsa, ya juya faifan ya ɗora allura.

Na ce, "Ke nan an soke dokar sanɗa?"

"An soke. Amma kada ki bi waƙar da baki. Wannan muryar taki babu sifirin da zai tare ta."

Na ce zan ɗaukaka ƙara. Sannan na nufi ɗakina ta tsakiyar falo, dunduniya kafin yatsu. Da na kai ƙofa na tuna ban manta komai ba a falon, na dawo duk da haka.