Takin da Ya Bi Ruwa

Kalilu ya tsinko ganyen tumatir ya miƙa wa Almustafa, malamin gona. Bayan ganyen ya yi shuɗi-shuɗi kamar wurin da aka daka.

"Yunwar takin fosfat ce," in ji Almustafa.

"Yunwa? Buhu guda na zuba, malam! Shi ne na ƙarshe a duk Arlit."

Bai yi ƙarya ba. Tun da aka fara binne nakiya a hanyar Agadas, motocin uraniyom kaɗai ke wucewa da rakiyar soja, taki kuwa sai dai labari. In tumatirin nan ya mutu, iyalin Kalilu ba su da abin kaiwa baki bana.

"Yaya ka yi ban ruwa?"

"Yadda muke yi a garinmu, Tawa. Na cika fangali fal."

"Can laka ce, tana riƙe taki. Nan rairayi ne, kamar ka zuba a rariya."

Malamin ya ja shi zuwa lambatun da ke kwashe ruwa a gindin garkar. Gansakuka ta rufe ruwan. Almustafa ya sa sanda ya ɗago baƙin taɓo.

"Ga takinka nan, ya liƙe a ƙasa. Kwashe ka mayar, ko ka tsira da rabi."

Sai dai bakin lambatun ba fili ba ne. Dassin, wata tsohuwa da ta gudo daga Gugaram da jikoki biyu, ta shuka yakuwa da kabewa a wurin. Sun yi kore shar, har ta fara tsinka tana miya. Ba yadda za a kwashe taɓon ba a tuge su ba.

Kalilu ya ɗauko shebur yana ta haɗa maganganu masu zafi a ransa, don ya fi son a yi faɗa. Da ya dawo, ya tarar da ita durƙushe, ta riga ta tuge rabi. Ashe ta ji komai. Ya ajiye shebur ɗin.

"Inna, dakata mana..."

"Naka ne, ɗana, ɗauki abinka," ta ce, tana karkaɗe saiwar don kada ta tafi masa da taɓo. "Ni dai da na ga sun yi kyau, na ɗauka Allah ne ya tuna da ni."