Taku Goma Sha Huɗu Zuwa Gaɓa

Kullum da safe, in ta fito shanya tsumman jariri, sai Amarya ta jingina dugaduganta da bangon bayan ɗakinta, ta miƙe sak zuwa bakin gaɓar kogi tana ƙirga takunta a zuci. Ta soma wannan ne tun ranar da 'yarta ta fari ta fara rarrafe, don ta san iya inda za ta bar ta ta kai. A lokacin taku arba'in da ɗaya ne, har da bishiyar mangwaro da makewayi a tsakani. Bara ashirin da shida. Mangwaron ya tafi, makewayin ya bi shi. Ranar Asabar ɗin nan ta ƙirga goma sha huɗu, ta koma ta sake, ko ƙafarta ce ta buɗe. Sha huɗun dai.

Ɗakinta ne na ƙarshe a gidan, shi ya fi kusa da ruwa. A cikinsa take kwana da mijinta, da jaririn wata biyar, da yarinyar da kowa ke kira Tarwaɗa saboda ba ta riƙuwa a hannu. Kwana uku ke nan ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. Jiya da ta zuba ruwan wankan jariri a baho, ta ga ruwan ya karkata gefe guda, gefen kogi.

Amma a garin ba a duban ƙasa, turke ake duba. Wani turken ƙarfe ne mai kaurin ƙugun mutum, da aka kafe cikin kankare tun zamanin da jiragen ruwa ke zuwa lodin auduga, a jikinsa suke ɗaure igiya. An yi masa tsaga uku. In ruwa ya kai ta farko, a kwashe dabbobi daga fadama. Ta biyu, a ɗaure kaya. Ta uku, kowa ya hau tudu, a tare a makarantar firamare har ruwa ya sauka. Surukinta, Baba, shi ne mai duban turken, kamar yadda ubansa ya yi, kuma tun da ya karɓa ambaliya ba ta taɓa cin ko ɗan akuya a garin ba. Bana ruwa ya tsaya yatsa huɗu ƙasa da tsaga ta uku, ya yi kwana tara, sannan ya soma ja da baya. Mata har sun kwance ƙunshin kayansu.

Da rana ta take, malamin ƙidaya ya iso gidan. Dattijo ne mai tumbi, takalmansa a hannu saboda taɓo. Baba ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, Amarya ta kawo ruwa, ta ɗan ja gefe da jariri a baya.

"Baba, na kusa cewa ɓata na yi," in ji malamin, yana warware wata tsohuwar taswira. "A takardar nan garinku gida ɗari huɗu da goma sha biyu ne, da kasuwa, da sito, da titi har bakin ruwa. Tun safe nake yawo, talatin da takwas na samu. Ko kun ɓoye sauran a ƙarƙashin gado?"

Baba ya yi dariya. "Sauran suna birni suna tura baro. Da ka zo ina saurayi, da ka ga gari. Ƙauyuka goma sha ɗaya ne a bakin kogin nan, duk nan suke kawo kayansu. Ranar kasuwa sai ka taka kwalekwale tara kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa."

"To ina kasuwar?"

Baba ya nuna tsakiyar kogi da haɓa. "Can, dab da turke."

Amarya ta matso ta leƙa takardar. Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma ta gane shuɗin layin, ta gane ɗan murabba'in da malamin ya ce nan ne gidansu. Tsakaninsu akwai layuka uku na gidaje. A hayin kogi kuwa, inda yanzu yashi ya taru har ana shuka kankana, taswirar ruwa ta nuna. Kogin yana cin wannan gefe yana zubarwa a wancan.

Malamin ya tambayi mutanen gida, Baba ya lissafa masa: shi, da matarsa, da ɗansu mai fito, da matar ɗan, da jikoki biyu. Malamin ya ciro alli, ya rubuta shida a ƙofar gida, ya ce zai kwana biyu a makaranta kafin ya gama ƙauyukan ƙasa.

Da la'asar Amarya ta sami surukarta tana gyaran kifi a gindin murhu. Ta ɗauki wuƙa ta zauna.

"Inna, ranar da kasuwa ta tafi, kina gari?"

"Ina gari mana. Da cikin mijinki nake."

"Ruwa ya kai tsaga ta uku?"

Inna ta tsaya da wuƙa a hannu tana tunani. "Ina fa. Ai damina ta wuce. Ruwa na sauka, rana ƙwal, har muna shanya shinkafa. Sai muka ji kamar an yar da buhu daga sama. Rumfar mahauta ce ta fara."

"Sito fa?"

"Shi ma haka, ina jin." Ta kalle ta da gefen ido. "Ke kuma mene ne na tone-tone?"

Amarya ta ci gaba da gyaran kifi. Ta riga ta ga abin a gaɓar rijiya da bakin kwata: ƙasa in ta sha ruwa ta yi nauyi, ruwan ne ke tallafe ta, yana janyewa sai ta zube. Turken Baba yana faɗin tsawon ruwa daidai, bai taɓa ƙarya ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin gado ce ba ruwansa da ita.

Da mijinta ya dawo daga fito kafin magariba, ta tare shi tun bai ajiye filafili ba. Ta nuna masa ƙofa, ta nuna masa baho, ta kai shi bayan ɗaki ta nuna masa wata siririyar tsaga a ƙasa, mai faɗin tsinken tsintsiya, ta bi tsawon gaɓa kamar an ja da reza.

"Baban Tarwaɗa, taku sha huɗu ya rage."

"Da takunki ko da nawa? In nawa ne ai tara ne, gara mu tsaya a naki." Ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya sosa ƙeya. "Ruwa fa sauka yake, Maman Tarwaɗa."

"Shi ya sa. Ba cewa na yi a tashi gari ba. Yarana kawai nake so su kwana a makaranta, ko sati ɗaya."

Ya je ya faɗa wa Baba, ita tana daga bakin ƙofa tana ji. Baba bai ɗaga murya ba.

"In surukata ta ɗauki kaya ta hau tudu ruwa na ƙasa da tsaga ta biyu, gobe wa zai saurare ni? Ranar da na ce a tashi, wani zai ce bari ya duba bahonsa tukuna. Abin da ya riƙe garin nan shi ne magana ɗaya ake ji. Da safe ka kai ni turke na duba, hankalinta ya kwanta."

Da safe ta tsaya a bayan ɗaki tana kallo, mijinta ya tuƙa Baba a kwalekwale har gindin turke. Inna ta sha ba ta labarin yadda Baba a da yake takawa da ƙafa, ya sa hannu ya shafa tsagar, ya dawo kafin shayinsa ya huce. Yanzu sai an tuƙa shi, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Ta jingina dugaduganta da bango, ta ƙirga. Sha huɗu. Amma tsagar ƙasa yanzu tana shigar babban yatsanta, kuma a taku na uku take daga bangon.

Ta shiga ɗaki. Ta goya jariri, ta ɗaure zani biyu da katin rigakafi da kwanon Tarwaɗa a ƙunshi guda, ta kama hannun yarinyar da ƙarfi. A ƙofar gida ta yi kiciɓis da Baba, ya dawo da jiƙaƙƙen wando.

"Ya ƙara sauka tafin hannu guda," ya ce. Sannan ya ga ƙunshin.

Ta durƙusa har ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri. Ban raina ka ba. Amma ba za su sake kwana a ɗakin nan ba."

"Amarya, shekara huɗu ban taɓa ce miki kada ba. Yau na ce."

"Na ji, Baba."

Ta miƙe, ta wuce ta gabansa. Tarwaɗa na waiwaye tana cewa Kaka ya zo su tafi. Mata sun leƙo ta saman katanga. Matar maƙeri ta ce, "Amarya, yaji aka yi da rana tsaka? Ai sai ki jira ya yi laifin tukuna." Aka yi dariya. Ba ta juya ba. Ta bi ta gefen fadamar shinkafa, ta wuce kangayen gidajen da masu su suka tafi birni, ta hau jan tudu har makaranta. Malamin ƙidaya na zaune a baranda yana cike takardunsa, ya dube ta, ya dubi yaran, ya tashi ya buɗe mata aji ɗaya bai tambaye ta komai ba.

Wajen azahar mijinta ya hawo, ransa a ɓace.

"Kin san Baba ko abinci bai ci ba? Mutane na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna tambayarsa ko akwai abin da ya ɓoye musu."

"Ka duba tsagar bayan ɗaki?"

Ya dubi simintin ajin, ba ko tabarma, ya dubi jaririn da sauro ya riga ya cije a goshi. Ya zauna a kan benci, Tarwaɗa ta haye cinyarsa.

"Na duba," ya ce a hankali. "Hannuna ya shiga. Amma ba zan iya faɗa masa ba yau, ki bar ni zuwa gobe." Ya sauke yarinyar. "Bari na ɗauko muku katifa da gidan sauro."

"Ka bar su."

"A kan siminti za su kwana? Minti nawa ne."

"Baban Tarwaɗa, don Allah ka bar su. Zan shimfiɗa zani."

"Ke dai ki ajiye mini wuri, amma ba kusa da allo ba, ban yi aikin gida ba."

Ta bi shi har bakin baranda. Ta so ta riƙe rigarsa, amma jariri ya soma kuka, Tarwaɗa kuma ta zame ta nufi gangare, sai ta kama yarinyar.

Tana shayar da jaririn ta ji. Ba ƙara ce mai yawa ba, kamar dai yadda Inna ta ce, buhu daga sama. Tsuntsaye suka tashi daga fadama gaba ɗaya. Malamin ƙidaya ya ajiye biro. Amarya ta jira jaririn ya saki nono, ta goya shi, ta ɗaura zani ta ja ta ƙara ja. Ta miƙa wa malamin hannun Tarwaɗa.

"Malam, ka riƙe ta da hannu biyu. Tana zamewa."

Da ta isa, gari duk ya taru, amma nesa-nesa. Ɗakinta babu. Inda yake sai sarari da hasken rana, da jan ruwa yana juyawa a ƙasa, katifa na iyo a kai. Masunta uku sun shiga da kwalekwale suna caka gora cikin laka. An ce mijinta ya fito da gidan sauro har ya ajiye a tsakar gida, ya koma ɗauko katifar. Gidan sauron na nan a naɗe kusa da turmi.

Baba na tsaye a sabon bakin gaɓa, ba hula. Ba masu neman yake kallo ba. Turken yake kallo, yana can tsaye cikin kogi, tsaga biyu a fili sun bushe.

"Bai kai ba," yake cewa. "Ku duba, ko ta biyu bai kai ba."

Har rana ta karkata ba a same shi ba, sai filafili da ƙyauren ɗaki. Inna na zaune a bakin ƙofarta, mata sun kewaye ta, ta ƙi kuka ta ƙi magana. Amarya ta san in ta zauna ba za ta iya tashi ba, don haka ba ta zauna ba. Ta zagaya bayan ɗakin Inna, wanda yanzu shi ne na ƙarshe. Ta jingina dugaduganta da bango, ta taka a hankali, idonta a ƙasa. A taku na huɗu ta tsallake wata siririyar tsaga. A na tara ƙasa ta ƙare.

Ta dawo, ta ɗauki gidan sauron ta saɓa a kafaɗa. Ta ratsa matan, ta sunkuya ta kama surukarta a hammata.

"Inna, tashi. Jikokinki na tudu."

Inna ta tashi. Matar maƙeri ta dubi ƙasar da take tsaye a kai, ta juya da sauri ta nufi gidanta tana kiran 'ya'yanta. A ƙofar gida Amarya ta tsaya, ta waiwaya.

"Baba, za mu ajiye maka wuri."

Bai juyo ba. Ta wuce ta gefen shidan da malamin ya rubuta da alli, ta riƙe Inna da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da jariri, suka kama hanyar tudu.