Hannun Kawu Tsakanin Gwiwoyina

Ƙafa na miƙa in tare ƙwallo, sai na ji wani abu ya tsinke a cikin cinyata ta dama. Kawu ne ya fitar da ni daga fili. Ƙanen Mama ne, kuma shi ne mai gashin ƙashi na ƙungiyarmu, don haka hankalina bai tashi ba.

Ya kuwa yi mini wahala, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kullum ya kwantar da ni a kan gadon tausa, yana bin ciwon da babban yatsa yana karatu.

"Ba nama ɗaya ba ne, ɗan nan, biyar ne. Daga ƙashin mara suka taso suka kama ƙashin cinya, siririn cikinsu har ya wuce gwiwa. Su ke jawo ƙafa ciki. Duk ƙwallon da ka tura da cikin ƙafa, su ne. Ku kuwa gaban cinya kawai kuke kumburawa don 'yan mata."

Na matse matashi tsakanin gwiwoyi har na gaji da ganinsa. Na koma ƙwallo, na koma gudu da juyi. Na warke sarai, shi da kansa ya faɗa.

Ana saura kwana kaɗan wasan da masu zaɓen 'yan wasa za su zo kallo, koci ya shigo ɗakin tausa don a gwada ni, a ga ko zan buga. Bana ce shekarata ta ƙarshe a rukunin matasa, in ba su gan ni yanzu ba, shi ke nan. Wanda ke riƙe da gurbina tun da na ji ciwo kuwa Auta ne, ɗan Kawu.

Gwajin ba wani abu ba ne. Ka kwanta rigingine, Kawu ya sa dunƙulen hannunsa tsakanin gwiwoyinka, ka matse. Ba na'ura, ba shaida. Abin da hannunsa ya ji shi ne hukunci.

"Matse," in ji Kawu.

Na matse da duk ƙarfin da ya gina mini. Ko ɗigon zafi ban ji ba. Na ji yatsunsa sun yi ƙara, na ga jijiyar goshinsa ta tashi. Har na fara murmushi.

Ya zare hannun ya cusa a aljihu.

"Ba ƙarfi, koci. In ya buga, zai sake yagewa."

"Kawu!"

"Yi shiru. Ni na san jiki ko kai?"

Koci ya dafa kafaɗata ya fita. Kawu ya shiga naɗe tawul, ya ƙi kallona. Wallahi da bare ne ya yi mini haka da na yi ihu. Amma mutumin da ya goya ni ina yaro? Na sauka daga gadon na fita.

Da yamma ya zo gidanmu, wai ya zo ba Mama haƙuri. Ta kawo abinci, cokali ya gagare shi riƙewa, bayan hannun ya kumbura suntum.

"Subhanallahi, me ya same ka?"

"Ƙofar mota ce, Yaya."

Mama ta ɗauko man zafi ta miƙo mini.

"Tashi ka shafa wa kawunka. Ba don shi ba, da sun gurgunta mini kai."

Na durƙusa a gabansa, na kama hannun. Shi ne wanda na matse. Na fara shafawa.